Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Daga Tamfol Zuwa Makulli

Jama'a, barkanmu da sake saduwa. A makon jiya mun tsaya a bakin maganar matsuguni, kuma na ce sai mun zauna mun warware ta kafin labari ya ci gaba. To, yau aikin ne zai yi magana, ni zan koma gefe. Wanda bai san yadda ake tsugunar da mutumin da ya rasa muhalli ba, abubuwan da za su biyo baya a makonni masu zuwa za su zo masa a dunƙule.

Yawancin mutane idan aka ce matsuguni, rufi suke hangowa. Shi ya sa za ka ji ana alfahari da yawan tamfol ɗin da aka raba, kamar an gama aiki. Alhali mutumin da ya kwana a waje, ɗan gudun hijira ne ko baƙo ne a birnin da bai san kowa ba, daga ƙasa sanyi yake fara cin sa. Zafin jikin ɗan'adam yana kan digiri 37. Idan ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari. Ƙasa tana zuƙe ɗumin jiki fiye da yadda iska take yi, ruwa kuwa yana ɗauke shi kusan sau 25 fiye da iska. Saboda haka mutum mai jiƙaƙƙiyar riga, kwance a kan siminti, yana iya galabaita a daren da mai gida ba zai ma nemi bargo na biyu ba. Masu kwana a titi sun san wannan tun kafin masana su rubuta shi. Duba yadda suke yi da kwali: ba su lulluɓa da shi ba, ƙarƙashinsu suke shimfiɗa shi, ninki biyu ko uku, domin iskar da ke maƙale a cikin ramukansa ita ce take raba jiki da ƙasa.

Don haka a daren farko tsarin shi ne busassun tufafi, sai abin shimfiɗa, sai bargo, sannan a ɗaga kai a dubi rufi. Idan barguna biyu ne kawai, ɗaya ya koma ƙasa. Kuma a riƙa lura da masu rawar ɗari. Mai kyarma jikinsa yana kan yaƙi. Wanda za a ji tsoro shi ne wanda kyarmar ta ɗauke masa alhali bai ji ɗumi ba, harshensa ya yi nauyi, yana magana ba kan gado, barci yana fizgarsa. Wannan a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a ɗumama ƙirji da ciki tukuna, kada a murza masa hannu da ƙafa, kada a ba shi giya da sunan za ta ɗumama shi, a nemi ma'aikacin lafiya nan take.

Sai batun inda za a kafa. A nan ne ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa, domin tanti ana iya sauya shi, fili kuwa idan mutum dubu goma sun sauka a kansa, ya zauna ke nan. Fili mai shimfiɗe kamar faranti yana burge wanda ya zo duba shi da rani, amma shi ne yake zama tafki da ruwan farko. Ƙa'idojin Sphere, waɗanda ƙungiyoyin agaji da ƙungiyar Red Cross da Red Crescent suka fara tsarawa a 1997, sun ce gangaren fili kada ya gaza kashi 1 cikin 100, kada kuma ya wuce kashi 5 sai an yi masa aikin magudanai na musamman. A sauƙaƙe, a duk tafiyar mita 100 ƙasa ta sauka da mita 1 zuwa 5. Ana kuma so ruwan ƙarƙashin ƙasa ya kasance aƙalla mita 3 daga sama ko da a tsakiyar damina, in ba haka ba masai zai cika da ruwa ya dawo da abin da aka zuba masa. Ba sai da na'ura ake gane wannan ba. A duba jikin itatuwa ko akwai shatin laka, a duba irin ciyawar da ta fito, a haƙa rami mai zurfin gwiwa a zuba masa bokitin ruwa a ga tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya tsotse. Sannan a tambayi mutanen wurin dalilin da ya sa su ba su gina komai a kan filin ba. Fili mai kyau ba ya zama a banza.

Duniya ta sayi wannan ilimi da tsada. A garin Goma na ƙasar Kwango, a 1994, 'yan gudun hijirar Ruwanda sun sauka a kan dutsen da aman wuta ya daskarar, wurin da diga ba ta cin ƙasa balle a haƙa masai. Kwalara da atuni suka kashe kusan mutum 50,000 a cikin watan farko. A sansanin Za'atari na ƙasar Jodan, wanda aka buɗe wa 'yan Siriya a watan Yulin 2012, hamada ce, kowa tunanin zafi da ƙura yake yi, sai ga ruwan hunturu a Janairun 2013 ya malale tantuna. A sansanin Kutupalong da ke Cox's Bazar a Bangaladash kuwa, yankin da 'yan ƙabilar Rohingya sama da 700,000 suka kwararo daga ƙasar Myanmar tun Agustan 2017, an sare itatuwan tuddai don a samu wurin zama da makamashi, damina na zuwa tuddan suka fara zaftarewa da ɗakunan da ke kansu.

Yanzu mu zo kan tamfol, don a nan nake so mu daɗe. Ba kowace leda ce tamfol ɗin agaji ba. Na ƙwarai saƙa ce ta baƙin zaren roba, an lulluɓe ta ciki da waje da farar leda, kuma akwai wasu layuka masu kauri da suka ratsa tsawonsa. Baƙin zaren yana tare hasken rana ya kuma hana a hango inuwar mutanen da ke ciki idan an kunna fitila da dare, abin da mata suka fi kowa sanin muhimmancinsa. Farin yana mayar da zafi. Layukan nan masu kauri kuwa su ne wurin buga ƙusa. Girman da Red Cross take rabawa mita 4 ne a mita 6, na hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, mita 4 a mita 5. Gwaji mai sauƙi: ɗaga shi ka kalli rana ta cikinsa. Idan kana ganin haske sosai, ko ka ja gefensa da hannu ya yage, ba zai ga ƙarshen shekara ba. Shuɗiyar ledar nan mai arha rana tana gasa ta cikin 'yan watanni ta koma tana farfashewa kamar busasshen ganye.

Kunshin kayan da ake ba iyali ɗaya yawanci tamfol biyu ne, da igiya mita 30, da waya, da ƙusoshi manya da ƙanana da na rufi masu faɗin kai, da guduma, zarto, shebur, fartanya, adda da almakashin yanka kwano. Bari mu yi lissafi, don lissafin yana tona abubuwa. Ƙa'ida ta ce kowane mutum ya samu aƙalla murabba'in mita 3.5 na wuri mai rufi, a ƙasashen sanyi 4.5 zuwa 5.5 tunda a can girki da wanka duk a ciki ake yi. Iyali mai mutum biyar ke nan suna buƙatar 17.5. Tamfol ɗaya murabba'in mita 24 ne, sai mutum ya ce ai har da ragi. Ina! Idan ka rataya shi a kan sanda ɗaya mai tsayin mita 2, ka sauke gefe biyu har ƙasa, ka binne santimita 30 a kowane gefe, faɗin da zai rage maka a ciki bai wuce mita 3.6 ba. A tsawon mita 4, ka samu kusan 14.5, rabon mutum huɗu da ƙyar, kuma mafi yawansa wuri ne da babba ba zai iya miƙewa tsaye ba. Wannan na kwana biyu ne ko uku.

Idan za a daɗe, sai an kafa dirkoki. Tamfol ɗaya ya hau sama ya zama rufi mai gangare biyu, a karkace kamar digiri 30, wato a duk mita ɗaya rufin ya tashi da kusan santimita 58. A haka zai rufe mita 5.2 a mita 4. Ka bar santimita 25 ta leƙo a kowane gefe don ruwa ya zuba nesa da bango, ɗakinka ya zama 4.7 a 3.5, kusan murabba'in mita 16.5. Na biyun idan ka raba shi biyu a tsaye zai ba ka bango mai tsayin mita 2 da tsawon mita 12, alhali kewayen ɗakin ya haura mita 16. Ka ga ke nan akwai giɓin mita 4 da wani abu da dole a cike da tabarma, ciyawa, buhuna ko tsohon kwano, kuma ba a yi maganar labulen da zai raba iyaye da 'ya'ya ba. Duk wanda ya ce tamfol biyu sun gama wa iyali ɗaki, bai taɓa riƙe guduma ba.

Gangaren nan ba ado ba ne. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ne, lita ɗaya kuma kilo ɗaya. Ruwan milimita 20 a kan rufi mai murabba'in mita 20 lita 400 ne. Idan rufin ya yi kwance ko ya saki, ruwan zai taru a tsakiya ya yi tumbi, tumbin ya ƙara jawo ruwa, har dirka ta karye ko tamfol ya ɓarke a kan masu barci. Dole a ja shi ya yi tsam kamar fatar ganga. Wanda ya saki yana kaɗawa da iska dare da rana, ga hana barci, ga gogayya da katako har ya huje. Duk inda tamfol zai taɓa kan sanda ko kaifin katako, a naɗe wurin da tsumma ko a kifa masa gindin robar ruwa da aka yanke.

Mafi yawan tamfol ɗin da ya lalace ba tsufa ya yi ba, wurin ɗauri ne ya ci amanarsa. Ƙusa tsirara idan ta ratsa leda, duk ƙarfin iska a kan ɗan ramin nan yake taruwa, yagewa kuwa daga nan take farawa ta tafi har ƙarshe. Maganin shi ne a raba nauyin. A ninke bakin tamfol sau biyu, a buga ƙusar a kan layi mai kauri, a sa mata wani abu mai faɗi a ƙarƙashin kai: murfin kwalba, guntun robar tsohuwar taya, ko ninkakkiyar leda. Wanda ya fi duka shi ne a ɗora siririn katako a kan tamfol a buga ƙusoshin ta cikinsa, tazarar santimita 30 ko kusa da haka, ta yadda katakon ne yake riƙe da shi daga farko har ƙarshe. Inda za a ɗaura igiya kuma babu rami, kada a huda. A samu dutse mai santsi kamar girman ƙwai, a tura shi ta ciki, a shaƙe wuyansa da igiya ta waje. Wannan ɗaurin ya fi zoben ƙarfen da kamfani yake sawa ƙarko.

Iska kuma ba turo ɗaki kawai take yi ba, ɗaga shi take yi sama kamar laima. Saboda haka kowace gaɓa sai an ɗaure ta da ta ƙasa da ita: rufi da azara, azara da dirka, dirka da ƙasa. Ƙusar da aka buga a miƙe zarewa take yi, sai an haɗa da waya ko igiya an zagaye. Dirka ta nutse aƙalla rabin mita, a kuma gicciya sanduna daga kusurwa zuwa kusurwa a kowane bango, don ɗaki mai kusurwa huɗu ba tare da gicciye ba kwanciya yake yi gefe guda. A ƙasa mai yashi turke ba ya riƙo, sai a cika buhu da ƙasa a ɗaura masa igiya a binne shi. Ƙofa ta juya wa iska baya. In da gora za a yi aikin, a san cewa ɗanyar gora da aka soka a ƙasa gara da ƙwaro suna cinye ta cikin ɗan lokaci. A Cox's Bazar sai da aka kafa wuraren jiƙa ta a ruwan sinadarin boras, aka kuma riƙa ɗora ƙafafunta a kan ƙarfe ko siminti don kada ta taɓa ƙasa. Kuma gora ba ta son ƙusa, tsagewa take yi, ɗauri take so.

Kafin a ajiye shebur, a haƙa lambatu kewaye da ɗakin, kamar rabin mita daga bango, zurfin taƙi ɗaya, ƙasar da aka fitar a zuba ta ciki a daɓe don daɓen ya ɗara waje tsayi. Sai dai lambatun ya san inda za shi. Idan kowa ya haƙa nasa ya tura wa na ƙasa da shi, kafin gari ya waye an yi faɗa, kuma wanda yake can ƙarshen gangare, galibi wanda ya zo a makare ko mara ƙarfi, shi zai kwashi ruwan kowa. Babbar magudana ake fara fitarwa, sannan ƙananan su bi ta.

Akwai wani abu da yake ruɗa mutane: a tashi da safe a ga bargo ya jiƙe alhali ba a yi ruwa ba, sai a ce tamfol yana yoyo. Numfashin mutanen ciki ne da tururin girki suke haɗuwa da leda mai sanyi su koma ruwa su ɗiɗɗigo. Mai jin sanyi kuma abin da zai fara yi shi ne toshe kowace kafa, sai abin ya ƙaru. Dole a bar kafa a sama ta gefe biyu, ƙarƙashin rufi, inda iska za ta ratsa ba tare da ta bugi masu kwanciya ba. Wannan kafar ce kuma take tsakanin iyali da mutuwa idan an shigo da gawayi ko risho don jin ɗumi. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba, kabon monokzayid, ba ta da wari ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sai barci mai nauyi. Idan mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai lokaci guda, a fitar da kowa waje tukuna, a yi tambaya daga baya. Janareto kuwa ko a bakin ƙofa bai kamata ya kwana ba. A wurin zafi matsalar ta juye: tamfol ɗaya a tsakar rana tanda ne. Tsayin rufi ya kai mita 2.6, a kuma yi masa rumfa ta biyu a sama da tazarar taƙi biyu, ta ciyawa ko raga, iska ta riƙa wucewa tsakani.

Gobara ita ce abin da kowa ya sani kuma kowa yake karya dokarta. Tsakanin ɗaki da ɗaki a bar aƙalla mita 2, in da hali ninki biyu na tsayin ɗakin, kuma bayan kowace mita 300 ta gine-gine a bar fili mai faɗin mita 30 wanda wuta ba za ta tsallake ba. A takarda ke nan. A zahiri, iyali suna ƙaruwa, wannan ya ƙara kicin, wancan ya kafa shago, sababbin zuwa su ga fili a buɗe su sauka, cikin shekara guda hanyar wutar ta zama unguwa. Sansanin Moria a tsibirin Lesbos na Girka an gina shi ne don mutum kusan 3,000, lokacin da ya ƙone a Satumbar 2020 sama da 12,000 ne suka koma kwana a gefen titi. A ranar 22 ga Maris 2021 wuta ta cinye dubban ɗakuna a Cox's Bazar, mutum sama da 40,000 suka sake rasa matsuguni, shingen waya mai ƙaya da aka kewaye sansanin da shi kuma ya tare wa masu gudu hanya. A ganina filin tare wuta ba ya tsira sai an ba shi aiki, a mayar da shi filin ƙwallo ko babbar hanya, yadda jama'a da kansu za su hana a gina a kai.

Sauran ma'aunan a gurguje: murabba'in mita 45 ga kowane mutum idan an haɗa da hanyoyi da makaranta da asibiti, lita 15 ta ruwa a rana, famfo kada ya wuce nisan mita 500, masai ɗaya ga mutum 20, kada ya fi mita 50 daga ɗaki, ya kuma nisanci rijiya da mita 30. Amma masai mai kyau da babu fitila a hanyarsa, babu sakata ta ciki, mata ba za su je shi da dare ba, kuma suna da gaskiya. Haka ɗakin kansa. Tambayi matar da take kwana da 'ya'yanta a bayan leda abin da ta fi so a ƙara mata, sau da yawa ƙofa za ta ce, ƙofa ta gaske mai sakata da kwaɗo. Bangon da reza take tsagawa ba ya hana ɓarawo, amma ƙofar da ake kullewa ita take ba mutum damar fita neman abin yi ba tare da ya bar wani yana gadin tabarma ba.

Sai lokaci, wanda shi ne yake kunyata masu tsari. Tantin iyali na UNHCR murabba'in mita 23 ne idan an haɗa da barandarsa biyu, an yi shi don mutum biyar, ƙarkonsa kamar shekara guda. Ɗakin haɗa-da-kanka na Better Shelter, wanda gidauniyar IKEA ta tallafa aka ƙera, 17.5 ne, yana da ƙofa mai kulle da ƙaramar fitilar sola, an ƙiyasta masa shekara uku. Sansanin Dadaab na ƙasar Kenya kuwa an buɗe shi a 1991 don mutum 90,000, ya haura 400,000 a 2011, kuma akwai waɗanda aka haifa a can suka haifi nasu a can. Abin da aka kira na wucin gadi shi ne yake zama gidan mutum shekara ashirin. Shi ya sa tun ranar farko ya kamata a yi firam ɗin da zai iya ɗaukar kwano gobe, a yanka fulotin da zai bar wurin ƙara ɗaki.

Duk wannan kuma a kan ƙasar wani ake yin sa. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta 12 ga Janairun 2010, kusan mutum miliyan ɗaya da rabi sun zauna a sansanoni, da yawa a filayen masu zaman kansu, kuma da aka kwana biyu masu filayen suka fara kora. Mutumin da bai san ko za a tashe shi gobe ba, ba zai daɓe ƙasa ba, ba zai haƙa lambatu ba, ba zai sayi kwano ba, sai a ce masa malalaci. Sashe na 25 na sanarwar haƙƙin ɗan'adam ta 1948 ya ambaci muhalli tare da abinci da sutura da magani. Da kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya zo fayyace ma'anar muhalli mai inganci a 1991, abubuwa bakwai ya lissafa, na farkonsu tabbacin cewa ba za a kore ka ba gaira ba dalili.

Wannan ya fi shafar waɗanda ba a ganinsu a hoto, domin akasarin 'yan gudun hijirar duniya ba a sansani suke ba, suna cikin garuruwa, a ɗakunan haya, kangaye da gidajen 'yan'uwa. Idan za a biya wa irinsu haya, a rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce: wane ɗaki, nawa, wata nawa, wa zai gyara abin da ya lalace, kwana nawa za a ba da sanarwa kafin a ce a tashi, da shaidu. A duba taga, wayar lantarki, banɗaki da kulle kafin kuɗi su fita. A kuma yi hattara, idan aka zuba kuɗin haya da yawa a unguwa ɗaya lokaci guda, masu gidaje suna ƙara farashi, talakan da aka tarar a wurin shi zai fara fita. Baƙon da ke kan hanya, wanda ba shi da takardun zama, buƙatarsa ta ɗan bambanta: wurin kwana da ba za a tambaye shi takarda a ƙofa ba, wurin cajin waya, da leda mai kulle da zai adana 'yan takardun da yake da su. In ya ji ƙishin-ƙishin cewa ana miƙa sunaye ga jami'an shige da fice, zai gwammace ƙarƙashin gada ko da ƙanƙara ake yi.

Gidajen kwanan dare na marasa muhalli a manyan birane suna ceton rai, musamman da hunturu. A Landan, da zarar an yi hasashen sanyi zai sauka zuwa sifili, ana buɗe ƙarin wuraren kwana na gaggawa. Amma mutane suna mamakin mai kwana a titi da ya ƙi zuwa. Dalilansa a bayyane suke. Ana sace masa takalmi yana barci in babu akwati mai kulle. Ana raba shi da matarsa. Ga kuɗin cizo da ƙwarƙwata da ƙazwa idan ba a wanke shimfiɗa da ruwa mai zafin digiri 60, ga tarin fuka a zauren da gadaje suka matsu babu taga. Sannan da sassafe a ce kowa ya fita da kayansa, ya yini yana yawo da jaka, ya dawo layi da yamma ba tabbas zai samu gado. Ba adireshi, ba a ɗaukarsa aiki. Ba aiki, ba mai ba shi haya.

Tsohon tsari cewa yake yi mutum ya fara daina shaye-shaye, ya karɓi magani, ya nuna hali, sannan a ba shi gida a matsayin lada. A 1992 wani masanin halayyar ɗan'adam, Sam Tsemberis, ya juya abin a birnin Niyok na Amurka: a ba shi gida tukuna, ba sharaɗi sai na kowane ɗan haya, sannan ma'aikata su riƙa zuwa da tayin magani da taimako. Ƙasar Finlan ta ɗauki wannan ya zama manufar ƙasa a 2008. Ta mayar da manyan gidajen kwanan dare zuwa ƙananan gidaje, kowa da yarjejeniyar hayarsa da sunansa, yana biya daga abin da yake samu ko daga tallafin gwamnati. Marasa muhalli a ƙasar sun haura 18,000 a 1987, zuwa 2022 sun koma ƙasa da 4,000. Tsarin yana da wurin da yake karyewa: idan babu gidaje masu sauƙin haya da za a saka mutanen, ko aka miƙa makulli aka janye ma'aikatan da ke leƙowa, wanda ya shekara goma a titi yakan kasa barci a kan gado cikin shirun ɗaki, takardun kuɗin wuta su taru bai buɗe ba, wata shida ya koma inda ya fito. Watannin farko ana so a leƙa shi aƙalla sau ɗaya a mako, a zauna a buɗe takardun tare.

A nan za mu dakata. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗora daga ranar rabon kaya: yadda ake rubuta sunaye, wa ake sawa a gaban layi, da abin da ake yi idan tamfol 300 ne a mota, iyalai 500 a tsaye.